Darasi: Zaɓen RAM da Ma'ajiya Wajen Sayen Sabuwar Kwamfutar Tebur

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance RAM da ma'ajiya, ya faɗi aikin kowannensu;
2. tantance yawan RAM ɗin da aikinsa yake bukata;
3. zaɓa tsakanin HDD da SSD, ya kuma lissafa girman ma'ajiyar da za ta ishe shi;
4. duba kwamfuta da kansa a gaban mai sayarwa kafin ya biya kuɗi.

Shimfiɗa

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, aikin kwamfuta ya zama hanyar cin abinci ga mutane da yawa. Ga shagunan buga takardu da furojet ɗin ɗalibai, ga masu cike wa mutane fom a intanet, ga wuraren da yara suke atisayen jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta. A Kurfi da ƙauyukan kewaye ma, makarantu da kantunan magani da masu ɗaukar hoton biki duk sun shigo layi. Mai aikin zama wuri ɗaya yakan fi son kwamfutar tebur, domin ta fi jure wahala, ta fi sauƙin gyara, kuma ana iya buɗe ta a ƙara mata kaya.

Matsalar tana farawa ne ranar saye. Mutum ya tara kuɗinsa, ya hau mota zuwa Katsina, ko ya wuce Kano ya shiga Titin Beirut, sai a nuna masa kwamfuta biyu. A jikin ɗaya an rubuta "8GB RAM, 256GB SSD". A jikin ɗayar an rubuta "4GB RAM, 1TB HDD". Ido yakan tafi ga lamba mafi girma, sai ya ɗauki ta biyun, ya dawo gida da kwamfutar da za ta riƙa ɓata masa lokaci kullum safiya. Wannan darasi a kan waɗannan lambobi biyu yake.

1. Wurin aiki daban, wurin ajiya daban

Ku ɗauki misalin hatsi. Yana zaune a rumbu shekara guda ba abin da ya same shi. Amma ba a cikin rumbu ake aikinsa ba. Sai an ɗebo, an baza a tabarma, sannan a tsince, a auna. Idan tabarmar ƙarama ce, sai dai a riƙa ɗibar kaɗan-kaɗan, ana ta kai da kawowa, komai girman rumbun. Rumbun shi ne ma'ajiya, tabarmar ita ce RAM.

Duk abin da kuka buɗe a kwamfuta, takarda ce, hoto ne, ko shafin intanet, sai ta ɗebo shi ta shimfiɗa a RAM, daga nan furosesa yake aiki a kansa. RAM yana da sauri ƙwarai, amma yana da sharaɗi guda: da wuta yake riƙe abu. Ana ɗauke wuta, abin da ke cikinsa ya tafi. Ma'ajiya kuwa tana riƙe kayanta ko da kwamfutar ta yi wata a kashe. Shi ya sa wanda ya yi awa guda yana rubutu bai adana ba, idan wuta ta tafi, rubutunsa ya bi ta.

AKWATIN KALMOMI
RAM: wurin da kwamfuta take ɗora abin da take aiki a kansa a yanzu. Yana wofintar da komai idan aka kashe ta.
Ma'ajiya: wurin da Windows da manhajoji da fayilolinku suke zaune dindindin.
Furosesa: ɓangaren da ke yin lissafi da aiwatar da umarni.
Mega, giga, tera: ma'aunin yawan bayanai. Ana rubuta su MB, GB, TB. Kusan mega 1,000 ne giga 1, kusan giga 1,000 ne tera 1.

Wanda ya saba da waya yakan tambaya, "Memori nawa ne?" yana nufin wurin ajiye hotuna da waƙoƙi. A shagon kwamfuta wannan tambaya tana da amsa biyu, kuma mai shago zai ba ku wadda ta fi daɗin ji. Ku raba tambayar gida biyu: RAM nawa ne? Ma'ajiya nawa ce, kuma wace iri?

2. RAM nawa zai ishe ku?

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoban 2021, ya ce mafi ƙarancin abin da take bukata shi ne RAM 4GB da ma'ajiya 64GB. Ku lura, mafi ƙaranci ke nan, wato abin da zai sa ta tashi kawai. Ita kanta Windows, tun ba ku buɗe komai ba, tana iya mamaye kusan giga 3. Me ya rage wa aikinku a cikin giga 4? Ku buɗe Chrome da shafuka biyar, ku buɗe Word, ku jona firinta, wuri ya cika.

Idan RAM ya cika, kwamfuta ba ta mutuwa. Dabara take yi: ta kwashe wani abu daga RAM ta ajiye a ma'ajiya, ta ɗauko wani, in an sake neman na farkon ta koma ta ɗauko shi. Wannan kai da kawowa shi ne abin da muke gani a matsayin nauyi da maƙalewa, ƙaramin da'irar nan tana ta juyawa, kwastoma yana tsaye yana duba agogo. Sau da yawa a kan ce kwamfutar ta kamu da bairos, a kai ta a yi mata fomatin, a biya kuɗi, bayan sati ta koma gidan jiya, alhali RAM ne bai isa ba.

Ga yadda nake ganin rabon:

4GB: kada ku sayi sabuwar kwamfuta a haka, sai idan a ranar za a ƙara mata wani.
8GB: shi ne ƙasa. Ya isa rubutu, Excel, cike fom, atisayen jarrabawa da lissafin kanti.
16GB: ga mai CorelDRAW ko Photoshop, da mai buɗe manhajoji da yawa lokaci guda, da duk wanda yake son kwamfutarsa ta daɗe ba ta gaza ba. In da hali, nan nake ba da shawarar a tsaya.
32GB zuwa sama: ga mai tace bidiyo kullum, ko mai zanen gine-gine. Mai shagon buga takardu da ya sayi wannan ya binne kuɗinsa ne, domin RAM ɗin da ba a cika ba ba ya ƙara sauri ko kaɗan.

Misali na 1
Wani matashi zai buɗe shagon buga takardu kusa da jami'a. A lokacin furojet zai buɗe Word, da Chrome mai shafuka kamar goma, da CorelDRAW don bangon littafi, da manhajar sikanin. A ƙaddara Windows ta ci 3GB, Chrome 2GB, CorelDRAW 2GB, Word da sauran ƙanana 1GB.
3 + 2 + 2 + 1 = 8GB.
Giga 8 ya cika maƙil, babu sarari. Ga kuma wani abin da ba a lissafa ba: a yawancin kwamfutocin ofis, ɓangaren da ke nuna hoto a monita daga cikin RAM ɗin nan yake gutsurar rabonsa. Saboda haka 16GB ne ya dace da shi. In kuɗi bai kai ba, ya sayi mai 8GB, amma ya tabbata akwai gurbin ƙari.

3. Irin RAM da gurbinsa

RAM ɗin kwamfutar tebur ɗan siririn allo ne da ake sokawa a gurbi a jikin madabod. Yana da zamani-zamani. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shigo kasuwa a 2021. Ba sa shiga gurbin juna, domin kowanne da inda aka yi masa tsaga a ƙasansa. Wanda ya matsa da ƙarfi sai ya karya. Madabod ce take yanke irin da za a sa, ba son ran mai saye ba.

AKWATIN KALMOMI
Madabod: babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda kowane ɓangare yake jone da shi.
Gurbi: ramin da ake soka RAM ko SSD a jikin madabod.
DDR3, DDR4, DDR5: zamunan RAM, daga tsoho zuwa sabo.

Irin RAM yana tona shekarun kwamfuta. Idan aka ce muku sabuwa ce dal, kuka tarar DDR3 ne a ciki, to tsohuwa ce aka wanke aka sa a kwali. Haka sunan furosesan Intel irin "Core i7" shi kaɗai ba ya nufin komai sai an ga lambar da ke biye da shi. Core i7-3770 na 2012 ne, da DDR3 yake aiki, kuma Core i3-12100 na 2022 ya fi shi sauri nesa. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zamanin: 3770 zamani na 3 ne, 8500 na 8, 12100 na 12. Wannan yana da muhimmanci yanzu, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida daga zamani na 8 na Intel take farawa.

Tsakanin DDR4 da DDR5, kada ku tsaya dogon tunani. A aikin ofis da shago ba za ku ji bambanci ba. Giga 16 na DDR4 ya fi muku giga 8 na DDR5.

Abin da ya fi cancantar tambaya shi ne gurbi. Wasu kwamfutocin gurbi biyu gare su, wasu huɗu. Idan guda biyu ne kuma duk an cike su da 4GB da 4GB, ranar da kuke son ƙari sai kun cire ɗaya kun ajiye, kun yi asararsa. Idan kuwa 8GB guda ɗaya ne, ɗayan gurbin yana nan yana jiranku. Gaskiya ne RAM biyu masu kama da juna sun fi guda ɗaya ɗan sauri, domin kwamfuta tana amfani da su tare. Don haka wanda zai sayi 16GB ya tsaya nan, gara 8GB biyu. Wanda kuwa zai fara da 8GB da niyyar ƙarawa, ya nemi guda ɗaya.

Ƙananan kwamfutocin nan masu kamar littafi da gajeren RAM irin na laftof suke aiki, ku faɗa wa mai sayarwa in za ku sayi ƙari. Wasu kuma, kamar Mac mini na Apple mai furosesa samfurin M, RAM ɗinsu a manne yake. Abin da kuka saya ranar farko, da shi za ku zauna.

4. HDD ko SSD?

Nan ne aka fi cutar masu saye, kuma nan ne ɗan kuɗi kaɗan yake kawo canji mafi girma.

HDD tsohon yayi ne. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da ɗan hannu da ke yawo a kansa yana karatu da rubutu. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956, kuma na farkon da ƙyar zai ɗauki hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Tun daga nan aka yi ta ƙara masa ciki, amma har yau sai faifan ya juyo, hannun ya kai wurin, kafin a sami abin da ake nema. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Da lantarki yake ajiya, kamar filas, sai dai ya fi shi sauri da ƙarko.

AKWATIN KALMOMI
HDD: ma'ajiya mai faifai mai juyawa. Tana da arha da girma, amma tana da nawa.
SSD: ma'ajiya marar faifai. Tana da sauri, ba ta ƙara, ta fi tsada a kan kowane giga.
SATA: hanyar jona ma'ajiya da waya zuwa madabod. HDD da wasu SSD suna amfani da ita.
NVMe: SSD mafi sauri, ɗan siriri, da ake kwantarwa a gurbin da ake kira M.2.

HDD yakan kwashi mega 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD na SATA yakan kai kusan 550. NVMe yakan kai 3,500, sababbi har 7,000 ko fiye. Amma kada waɗannan lambobi su ruɗe ku. Babban tsallen yana tsakanin HDD da kowane irin SSD ne. Kwamfutar da take cin minti ɗaya ko biyu kafin ta tashi a kan HDD, da SSD cikin daƙiƙu take tashi, manhajoji su buɗe nan take. Daga SATA zuwa NVMe kuwa, mai rubutu da cike fom ba zai ga wani abin a zo a gani ba, sai mai kwasar manyan fayilolin bidiyo. Idan farashinsu ya yi kusa, ku ɗauki NVMe. Idan ya yi nisa, SATA ya wadatar.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kada Windows ta zauna a kan HDD a sabuwar kwamfuta. SSD mai 256GB ya fi HDD mai tera guda amfani ga wanda yake da kwastoma a tsaye. Wannan ba ya nufin HDD ya gama yayi. Wurinsa shi ne ajiyar kaya masu nauyi da ba a taɓa su kullum: tsofaffin hotuna, bidiyon biki, rikodin kyamarar tsaro. Alherin kwamfutar tebur shi ne yawancinsu suna ɗaukar biyun tare, SSD don Windows da aikin yau, HDD don tarin kaya.

5. Lissafin girman ma'ajiya

Kada ku yi kirdado, ku yi lissafi. Ku fara ware wa Windows da manhajoji da sabuntawarsu kamar 60GB. Ku kuma bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na SSD babu komai, domin idan ya cika maƙil saurinsa yana raguwa. Sannan ku auna abin da kuke tarawa a wata, ku ninka da watannin da kuke so ya ɗauke ku.

Rubutu ba ya cin wuri. Hoto yana ci. Bidiyo shi ne mai haɗama.

Misali na 2
Wata shugabar makaranta a Kurfi tana son kwamfuta don sakamakon jarrabawa, takardun tambayoyi da lissafin kuɗin makaranta. A ƙaddara tana tara fayil 200 a wata, kowanne kamar 2MB.
200 × 2 = 400MB a wata.
400 × 12 = 4,800MB, wato kusan 5GB a shekara.
Ko shekara goma ta yi, 50GB ne. SSD mai 256GB ya ishe ta har da saura. Kuɗin da za ta kashe a kan tera guda, gara ta sa shi a RAM ko UPS (za mu zo kansa a sashe na 6).

Misali na 3
Wani mai ɗaukar biki a Dutsin-Ma yana ɗaukar hoto 150 a rana, kowanne a ƙaddara 8MB, kwana 26 a wata. Yana kuma ɗaukar bidiyon biki huɗu a wata, kowanne awa 3, awa guda kuma a ƙaddara 8GB.
Hotuna: 150 × 8 × 26 = 31,200MB, kusan 31GB a wata.
Bidiyo: 4 × 3 × 8 = 96GB a wata.
Jimla: 127GB a wata, wato 1,524GB a shekara.
Tera guda ba zai kai shi shekara ba. Abin da ya dace da shi: SSD mai 512GB ko 1TB don aikin da ke hannu, da HDD mai 2TB ko 4TB don waɗanda aka gama.

Wani abu da yakan haddasa rigima a banza: kun sayi 1TB, kun kunna, Windows ta nuna 931GB. Ba a cuce ku ba. Masu ƙera ma'ajiya da 1,000 suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024. Haka 512GB zai nuna kusan 476, 256GB kuma kusan 238. Cutar gaske tana wajen jabu, irin filas ko SSD marar suna da ake cewa tera biyu ne a farashin da bai kai na giga 128 ba. Irinsu sukan nuna babbar lamba, amma da kun zuba kaya ya wuce ainihin cikinsu sai fayiloli su lalace. Ku tsaya ga sanannun kamfanoni kamar Samsung, Kingston, Western Digital, Seagate da Toshiba, a shagon da za ku iya komawa.

6. Wuta, zafi da ƙura

Wanda ya rubuta littafin da ke cikin kwalin kwamfuta bai yi lissafin yanayinmu ba. Laftof tana da batir, kwamfutar tebur ba ta da shi. Wutar KEDCO ta ɗauke, ko janareta ya shaƙe, nan take ta mutu. Abin da ke RAM ya tafi, kuma idan ana cikin rubutu a ma'ajiya ne, fayil yana iya lalacewa, wani lokaci har Windows ta ƙi tashi. Saboda haka ku sa kuɗin UPS a cikin kuɗin kwamfuta tun daga gida. Ba don ku ci gaba da aiki ba ne, mintocin da zai ba ku na adanawa ne da kashewa cikin tsari. Mai sola da inbata ya huta da rabin wannan damuwa. Ku kuma saba wa yatsunku danna Ctrl da S a kai a kai.

AKWATIN KALMOMI
UPS: akwati mai batir da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta.
Kwafin ajiya: kwafi na biyu na fayilolinku a wani wuri daban da kwamfutar.

Zafin bazara, da yakan haura digiri 40 a Afrilu, da ƙurar hunturu, duk suna rage wa kaya kwana. Kada ku cusa akwatin kwamfuta a lungun da iska ba ta shiga, kada ku ajiye shi a ƙasa. Idan wata rana ta ƙi nuna hoto tana ƙara ɗit-ɗit, sau da yawa RAM ne ya yi ƙura ko ya saki. Mai gyara zai cire ya goge ya mayar.

Kowace ma'ajiya tana da ranar mutuwa. HDD yakan yi gargaɗi da ƙarar ƙwas-ƙwas da nauyi. SSD yakan tafi ba sallama, kuma ceto kaya daga cikinsa ya fi wuya. Furojet ɗin ɗalibin da ya yi shekara yana wahala, ko hotunan auren da ba za a sake ɗaurawa ba, amana ce a hannunku. Ku sayi ma'ajiya ta waje ku riƙa kwafa duk mako, ku cire ta ku ajiye daban. Takardu masu muhimmanci kuma ku ɗora a Google Drive, wanda yake ba da 15GB kyauta.

7. A gaban mai shago

Kada ku dogara da takardar da aka manna a jiki. Ku sa a kunna. Ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo mai suna Task Manager zai buɗe. Ku shiga Performance. A ƙarƙashin Memory za ku ga yawan RAM, da Slots used, wato gurbi nawa aka cika cikin nawa. A ƙarƙashin Disk za ku ga girman ma'ajiya da irinta, SSD ko HDD. A ƙarƙashin CPU za ku ga cikakken sunan furosesa da lambarsa. Akwai kuma manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke nuna awa nawa ma'ajiya ta yi tana aiki. Sabuwa 'yan awoyi za ta nuna. Idan kun ga dubbai, ta yi aiki a wani wuri. Sayen ta-hannu ba laifi ba ne, amma a saye ta da sunanta da farashinta.

Misali na 4
Mai saye: Salamu alaikum. Alhaji, barka da kasuwa.
Mai shago: Wa alaikumus salam. Malam, sannu da zuwa. Ga wata nan, Core i5, tera guda cif. Sai ka gaji da zuba mata kaya.
Mai saye: Teran nan, HDD ne ko SSD?
Mai shago: HDD ne, amma sabo.
Mai saye: RAM fa?
Mai shago: Giga huɗu. Tana ɗaukar ƙari.
Mai saye: To don Allah a kunna mini in gani. Na ga gurbi ɗaya aka cika cikin biyu, madalla. Alhaji, nawa za ta tsaya idan aka sa mata SSD mai 256, aka mai da RAM ɗin takwas, aka bar HDD ɗin a ciki don ajiya?
Mai shago: Ashe Malam ɗan gari ne. Bari in lissafa maka.
Mai saye: In mun daidaita, a rubuta mini duka a rasit, har da lambar jikinta da watannin garanti.

Ku lura bai yi musu ba, bai kuma zargi kowa ba. Tambaya ya yi, ya duba da idonsa. Ku ma ku tambaya ko buɗe akwatin don ƙara RAM yana soke garanti, domin wasu shagunan suna manna takarda a bakin murfin. Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka ku zagaya shago biyu ko uku a ranar, ku kwatanta abu iri ɗaya da iri ɗaya. Idan kuɗi ya gaza, ga jerin da za ku bi: SSD tukuna, sai RAM 8GB mai gurbin ƙari, sai UPS, sai ma'ajiya ta waje. Ƙarin RAM da babban HDD suna iya jiran ciniki ya kawo su. Ku gwada komai kafin ku baro shagon, domin komawa Kano daga Dutsin-Ma saboda RAM guda yini ne da kuɗin mota.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominku, ku bayyana bambancin RAM da ma'ajiya. Wanne ne yake rasa abin da ke cikinsa idan aka ɗauke wuta?
2. Me kwamfuta take yi idan RAM ya cika, kuma yaya mai aiki da ita zai gane?
3. Me ya sa 4GB bai isa ba, alhali shi ne Microsoft ya ambata don Windows 11?
4. An ce muku kwamfuta sabuwa ce, kun tarar DDR3 a ciki. Me wannan ya nuna muku?
5. Kwamfuta tana da gurbi biyu. Kuna son 8GB yanzu, 16GB baɗi. Yaya za ku ce a sa muku RAM ɗin, kuma don me?
6. Ku kawo aiki ɗaya da HDD ya fi dacewa da shi, da ɗaya da SSD ya fi dacewa da shi.
7. Mai kantin magani yana tara fayil 300 a wata, kowanne 1MB. Giga nawa zai tara a shekara 5? SSD mai 256GB zai ishe shi?
8. Mai ɗaukar bidiyo yana ɗaukar awa 10 a wata, awa guda 8GB. Cikin wata nawa zai cika HDD da Windows ta nuna 931GB?
9. Kun sayi SSD mai 512GB, Windows ta nuna 476GB. An cuce ku? Ku yi bayani.
10. Aikin aji: ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai shago, ɗaya mai saye. Mai saye ya faɗi sana'arsa, ya yi tambayoyi biyar kafin ya biya, sannan ku rubuta rasit ɗin tare.